Gawa, Tashi Ki Sha Shayi

"Ajiye kofin nan, Mista Tadlow."

Tsohon ya waiwayo, kofi a hannun dama, hannun hagu kuma ya tallafo kan matarsa daga matashi. Misis Wragg mai wanki da guga ce tsaye a bakin ƙofa, kwandon zannuwan gado a kwankwasonta. Ko ƙwanƙwasa ƙofar ba ta yi ba.

"Maganinta ne, Misis Wragg. Lokacinsa ya yi."

"Na san abin da za ka ce ke nan. Na ce ka ajiye."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari, har shayin ya ɗan zuba a kan bargo. Ya zaci tsokana ce irin wadda 'yan lungunmu suka saba yi masa. "To, ranki ya daɗe, kin kama ni dumu-dumu. A kira 'yan sanda. Amma a bari baiwar Allah ta kurɓa tukuna."

Dorcas Wragg ba wasa ya kawo ta ba. Ta dire kwandon, ta fizge kofin, ta juye shi tas a tukunyar furen da ke bakin taga. Sannan ta ɗauke 'yar kwalbar maganin, mai jan zare ɗaure a wuya, ta jefa a aljihun rigar aikinta. Lavinia Tadlow ta ɗan buɗe ido, ta dubi rufi, ta sake lumshewa.

"Idan furen nan ya kwana lafiya, zan dawo maka da kwalbarka har da ban haƙuri," in ji Dorcas. "In kuwa ya bushe, ka san sauran."

Sai a lokacin murmushin ya bar fuskar Enoch Tadlow. Kuma a faɗi gaskiya, fuska ce da in murmushi ya bar ta ba za ka so ku yi kiciɓis a lungu ba: doguwa, kumatu sun lotsa, ido can ciki, hanci kamar ƙugiyar rataye nama. Wannan fuskar ce sana'arsa.

Gidan mai hawa uku ne, a wani matsattsen lungu na unguwar Clerkenwell a birnin Landan. Dorcas a ƙasa da tukwanen wankinta da duwatsun guga, su Tadlow a tsakiya, can ƙuryar sama kuma Mista Ormerod mai zane, inda tagar rufi ke ba shi haske in hayaƙin Landan ya ga dama. Ormerod ne ke zana hotunan labaran ɗan sandan ciki da ke fitowa a wata mujalla duk wata, kuma shi ba ya iya zana mutum daga ka, sai ya ga mutum tsaye a gabansa. Tadlow ya yi ƙuruciyarsa a gidajen wasan kwaikwayo, yana riƙe mashi a bayan sarakuna ba tare da an taɓa ba shi ko kalma ɗaya ya faɗa ba. Da tsufa ya zo, sai ya koma hawa bene kullum yana tsayawa Ormerod ya zana shi.

Duk mugun da aka yi a mujallar nan, fuskarsa ce. Shi ne ya maƙale a bayan labule da igiya, shi ne ya leƙo ta tagar jirgin ƙasa da bindiga, shi ne ya ture wani attajiri daga kan gada. Mujallar takan zagaya lungun hannu zuwa hannu har sai ta yi laushi kamar tsumma, a yi ta dariya. Mai kifi yakan ɗaga murya ya ce, "Mista Tadlow, wa za ka kashe wannan watan? In babu kowa, ga surukata." Tsohon ya cire hula ya rusuna, ya wuce da ɗan burodinsa a hammata.

Dorcas ma da ita ake dariyar, har zuwa ranar da Misis Binns ta gidan da ke fuskantarsu ta ƙetaro titi da sabuwar fitowa a ƙarƙashin mayafi. Misis Binns mace ce da labulenta bai taɓa rufewa duka ba. Ta baje mujallar a kan teburin guga, ta dangwala yatsa.

"Dubi nan da kyau, ki gaya mini gadon wa kike gani."

Dorcas ba ta iya karatu ba, amma hoto ba ya buƙatar malami. Ga Tadlow sunkuye a kan gado, girarsa a haɗe, bakinsa a karkace, yana ɗiga wani abu daga 'yar kwalba cikin kofi. Wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne gadon. Gadon ƙarfe ne wanda ƙwallon kansa ɗaya ya ɓace. Bargon kuwa mai faci-faci ne, wanda ita da hannunta ta wanke shi ba adadi, ta san kowane faci. Matar da ke kwance, gashi a baje a kan matashi, Lavinia ce ba wata ba.

"Me aka rubuta a ƙasa?"

Misis Binns ta bi baƙaƙen da yatsa tana haɗawa da ƙyar. "Ya ɗiga ajali a kofi, hannunsa ko rawa bai yi ba."

"Ai tatsuniya ce," in ji Dorcas, amma muryarta ba ta fito da ƙarfi ba.

"Tatsuniya a ɗakinsu? Sauran duk a can sama aka zana su. Me ya sauko da wannan ƙasa? Ki yi tunani mana, 'yar'uwa. Mai zanen nan ya ga wani abu, yana tsoron faɗi da baki, shi ya sa ya faɗa da fensir. Tun yaushe rabon da ki ga Lavinia a farke sosai? Ruwa ba ya tsami banza."

Dorcas tana son Lavinia, wannan ba a musu. Lokacin da mijinta ya rasu, Lavinia ce ta zauna da ita, ta riƙa yi mata guga har ta dawo hayyacinta. Shekara da shekaru ke nan ciwon ƙashi ya kwantar da Lavinia, ba ta da kowa sai mijin. Dorcas ta yage shafin ta linke, ta yini tana guga tana buɗe shi tana dubawa, har ta ƙona wuyan wata riga. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Duk faɗin Landan, me ya sa fuskar da mai zane ya zaɓa ya yi mugu da ita sai wannan? Da la'asar ta ɗauki kwandon zannuwa ta hau bene, aka yi abin da aka yi.

Furen kuwa ya bushe. Fure ne da ya daɗe yana neman dalilin mutuwa, ga sanyi, ga hayaƙi, sai kuma aka sheƙa masa tafasasshen shayi da madara. Dorcas ba ta yi wannan lissafin ba. Ta ga ganye ya langaɓe, ta sauko ta faɗa wa Misis Binns. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta rana, maganar ta kai bakin titi.

Tsokana ta ɗauke ɗif. Mai kifi ya daina kiran sunansa, sai dai ya miƙa masa kifin ido a gefe. Mata suka riƙa janye yaransu in ya zo wucewa. Da ya je shagon magani neman wata kwalbar, mai shagon ya ce ya ƙare, alhali ga kwalabe nan jere a bayansa. Dorcas ta karɓi ragamar abincin Lavinia, ba abin da zai shiga bakinta sai daga tukunyarta. Lavinia ta farka kam, ido biyu tar, amma da nishi. Daga ƙasa Dorcas tana jin ƙarar gadon ƙarfe duk juyin da ta yi, tana gaya wa kanta cewa dafin ne ke fita daga jiki.

Wata safiya Tadlow ya sauko ɗakin guga. Ya tsaya daga bakin ƙofa cikin tururi, hula a hannu.

"Misis Wragg, ba don ni ba. Ki riƙe kwalbar, ki ba ta da hannunki. Ki kira likita ya shinshina in kina so. Ba ta runtsa ba tun ranar."

"Da can ai barci ya yi mata yawa."

"Barcin shi ne sauƙinta."

"Haka aka rubuta a ƙarƙashin hoton?"

Ya dube ta, ya buɗe baki, tari ya riga maganar fitowa. Ya juya mata baya, ya toshe baki da hankici, ya cusa shi a aljihu da sauri. Wannan saurin ne ya tsaya wa Dorcas a rai. Mai wanki ta san abin da ke zuwa kwandonta, ta kuma san abin da ya daina zuwa, hankicin Tadlow kuwa ya daɗe bai zo ba. Da ya hau sama wurin aiki, ta shiga ɗakinsu da sunan shara, ta zura hannu bayan akwatin kwal. Ta zaro hankicinsa da yawa a dunƙule, sun bushe sun yi ƙamas da jini.

Jinin wa? Ta duba hannuwan Lavinia, ta duba wuyanta, ba ko ƙwarzane. Wani zai tsaya nan ya yi tunani. Dorcas ta riga ta yi nisa, ba ta jin kira, sai ta ce a ranta to akwai wani ke nan da ya zubar wa jini ba a sani ba. Ta yanke shawara: mai zane ya ga abu, dole ya sauko ya faɗa wa hukuma da bakinsa. Ta ɗauki rigunansa da ta goge, ta sa shafin mujallar a aljihu kusa da kwalbar, ta hau har ƙuryar sama.

Tana tura ƙofa ta kusa sakin kayan. Tadlow ne kwance a kan darduma, rigingine, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a kan ƙirji, gaban rigarsa jawur, ga wuƙa yashe a gefe.

"Shhh! Tawada ce, Misis Wragg, kada ki tara mini jama'a. Ki bi ta gefe, kada ki taka masa hannu." Ormerod ko ɗagowa bai yi ba daga allon zanensa. Ɗan gajeren mutum ne mai saiƙo, fensir ɗaya a hannu, ɗaya a baki. "Na yi masa ƙarin girma. Ya rame da yawa, ba ya iya tsayuwar mugu, ƙafa na rawa. Yanzu shi ne gawa. Kwanciya kawai, ga wuta kusa."

Dorcas ta ajiye rigunan. Ta dubi tsohon, ta rage murya duk da ta san yana ji. Ta ce a ranta gara ma ya ji.

"Mista Ormerod, ni ba 'yar boko ba ce, amma na gane saƙonka." Ta buɗe shafin ta shimfiɗa masa a kan allo. "Abin da ka gani, ka zo mu je ka faɗa."

"Wane saƙo?"

"Wannan. Ɗakinsu ne. Matarsa ce."

Ormerod ya cire fensirin daga baki, ya dubi hoton, ya dube ta. Sai ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Wayyo Allah! Shi ya sa mai kifi ke kallona kamar waliyyi? Baiwar Allah, ruwan zafi na sauka roƙo, butata ta huje. Na tarar yana ba ta magani, hasken taga ya faɗo a kansu, ni kuwa ga hoton mai guba ana jira a maɗaba'a. Na ce kada ya motsa, na zana su a tsaye. Hoto mafi daɗi da na taɓa samu a banza."

"To fuskar fa? Dubi fuskar!"

"Fuskar tawa ce. Layi biyu a gira, ɗaya a gefen baki, shi ke nan an yi mugu. Ke ma in kin zauna, kafin shayi ya tafasa na mai da ke mai yankan kai. Kawo yatsanki." Ya kama babban yatsanta, wanda ruwan wanki ya gama jeme shi, ya ɗora a kan girar hoton, ya sa nasa ya rufe gefen bakin. "Yanzu duba."

Ta duba. Da girar ta ɓace, ba abin da ya rage sai tsoho sunkuye a kan matarsa. Sai yanzu ta lura da hannun hagun, yadda ya shiga ƙarƙashin kan Lavinia, yatsu a baje cikin gashinta don kada wuyan ya sage. Kullum hannun yana nan a hoton, ita ce ba ta taɓa kallonsa ba, kwalbar kawai take kallo.

"Jinin da ke hankicinsa fa?" ta tambaya, amma tun kafin ta rufe baki ta san amsar.

Dariyar Ormerod ta tsaya. "Ƙirjinsa ne. Ya roƙe ni kada matar ta ji. Na zaci ke kin sani, ba ke ce mai wankinsu ba?"

Kunya ta rufe Dorcas tun daga kai har ƙafa, kunya irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Ta ji nauyin kwalbar a aljihu. Ta juya wajen darduma.

"Mista Tadlow..."

"A'a, a'a, ki bari in gama!" Ormerod ya ɗaga hannu. "Ba zai amsa ki ba. Doka ce tsakaninmu, ko gini zai faɗo ba ya motsi sai na faɗi kalmar. Dube shi, don Allah. Yau ko tarin bai yi ba. Tunda nake ban taɓa samun gawa mai kyau irin ta yau ba. Saura hannun kawai."

Haka ta tsaya tana jira, tana tsara ban haƙurin a ranta. Za ta durƙusa, za ta ba shi kwalbar, za ta bi lungun gida gida ta wanke shi, ta fara da Misis Binns. Ba a jin komai sai ƙarar fensir a kan takarda da kururuwar mai tallan kwal can ƙasa a titi. Wani ƙuda ya sauka a bayan hannun tsohon, ya yi yawonsa, ya tashi.

Ormerod ya busa takardar, ya miƙe, ya ɗora buta a wuta. Ya tafa hannu cikin fara'a.

"Gawa, tashi ki sha shayi!"

Kullum in aka faɗi haka, Tadlow kan buɗe ido ɗaya ya ce, "Da sukari, ko in koma?" Ormerod ya tsaya da kofi a hannu yana jiran amsar.

"Enoch, an tashi. Gawa, tashi ki sha shayi."

Dorcas ce ta durƙusa. Ta taɓa hannun da aka gama zanawa, ta ji ya fara sanyi duk da wutar da ke kusa. A gefen bakinsa akwai ɗan ja wanda ba tawada ba ne. Ta zauna daɓas a kan darduma, ta ce, "Ka yafe mini," ta sake faɗa, buta kuma ta fara tafasa ba wanda ya sauke ta.

Lungunmu ba ya rasa abin faɗi. Kafin a rufe shi, wasu sun ce gubarsa ya sha don tsoron igiyar rataya, wasu sun ce a binciki mai zanen, don wa ya san ko tawadar tawada ce. Likita ya ce ƙirji ne, amma maganar likita ba ta da daɗin maimaitawa. Dorcas ta bi gidajen kamar yadda ta yi niyya, tana ɗora yatsa a kan girar hoton tana cewa su duba. Suka duba, suka gyaɗa kai don su rabu da ita. Misis Binns ta ce, "To ai ke kika ce furen ya bushe," ta rufe ƙofarta. Mutum kaɗan ne suka bi keken gawar, Ormerod a gaba, yana ta murza hularsa. Ya yi rantsuwa ba zai kai zanen maɗaba'a ba, amma wata na zagayowa ya fito, da ɗan sandan ciki durƙushe a kan gawar yana duba ta da gilashi.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, Dorcas ta hau da shayi. La'asar ta yi sanyi, ta kunna fitila. Lavinia tana kwance ta ƙanƙame bargon, gumi a goshinta.

"Dorcas, da za a samo mini maganin nan. Enoch ya ce kwalbar ta suɓuce masa ta fashe, mai shago kuma ya ce ya ƙare. Ya yi ta ba ni haƙuri, wai hannunsa ne ya tsufa."

Dorcas ta tsaya da tire a hannu. Ashe abin da ya gaya mata ke nan. Ta ajiye tiren a hankali, ta sa hannu a aljihu, ta fito da kwalbar.

Lavinia ta ƙura wa kwalbar ido. Ta dubi jan zaren da ke wuyanta, zaren da ita da kanta ta ba shi daga kwandon ɗinkinta don kada ya rikita ta da ta maganin tari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi Dorcas. Dorcas ta jira duk abin da zai fito, ta san ta cancance shi.

"Ki tallafo kaina da hagu," in ji Lavinia. "Haka yake yi. Ki baje yatsunki, wuyan ba ya son a matsa."

Dorcas ta zura hannun hagu ƙarƙashin kan, cikin farin gashin. Ta sunkuya a kan gadon mai ƙwallo ɗaya, ta karkata kwalbar a bakin kofi, tana kallon ɗigon yana taruwa. Fitila ta jefa inuwarta a bango, doguwa, a sunkuye. A ƙetaren titi, labulen Misis Binns ya ɗan motsa.